Rigar da Na Saya da Rabin Kwalekwale

Kwalekwale ɗaya muke da shi, ni da Bukar, na maɗaci, mai ɗaukar mutum biyu da kwando goma sha biyu na bandar kifi. Rabi nawa, rabi nasa. Bayan shi sai filafili biyu, sandar tuƙi ɗaya, da ƙwaryar kwarfar ruwa mai ɓararren baki. Dukiyar ke nan gaba ɗaya, kuma shekara shida muna ci muna ciyar da gida biyu da ita. Rabin nan nawa shi na ɗauka na bayar, da rana tsaka, da hankalina, a gaban shaidu, na karɓi rigar ruwa ta gwanjo.

Markar bana ce ta tono mini zancen. Kwana huɗu rana ba ta leƙo Haɗejiya ba. Ina zaune a bakin shagona na hatsi sai wani mai talla ya fake a rumfata da rigunan ruwa rataye a kafaɗa. Wani manomi daga Auyo, da ya zo sayen abinci, ya karɓi biyu, ya ɗora ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu yana auna nauyinsu. Ina ganin yadda ya karkata wajen mai nauyin, sai na ji ƙaiƙayi ya taso mini a gadon baya, ƙaiƙayin da ya fi shekara talatin da warkewa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, bayan an sha fari. Wanda bai ga kogin nan a waɗancan shekaru ba, ba zai yarda ba. Ruwa yakan zo a makare, ya yi sati uku ko huɗu a fadama kamar baƙon da bai ji daɗin masauki ba, ya tattara ya koma. Wasu suna cewa madatsun da aka yi can sama ne suka riƙe shi, wasu suna cewa zunubinmu ne. Ko ma mene ne, shinkafa takan tsaya a gwiwa ta bushe, kwalekwalenmu kuma ya yi wata tara kife a kan yashi, kaji suna kwana ƙarƙashinsa.

A waccan shekara sai sama ta buɗe. Tun shukar farko ba a yi fashin da ya kai kwana biyar ba. Amma ruwan sama ba ya cika rumbu ranar da ya sauka. Gero yana gona ya yi kore shar, rumbu kuwa in ka leƙa ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Da safe Uwani, mai ɗakina, takan dama koko tsararo wanda kana iya ganin gindin ludayi ta cikinsa. Da rana kwaɗon tafasa ne ko rama, da ɗan ƙuli in an samu. Tuwo sai da yamma, shi ma an haɗa garin da na bado da mata ke tsinkowa a tafki. Itace duk ya jiƙe, sai hayaƙi, Uwani tana fifita tana hawaye. Soro yana ɗiga wuri uku, ko'ina da tasarsa, kowace tasa da irin kukanta. Gishiri ya zama ruwa a ƙoƙo. Tufafi ba sa bushewa, sai dai su rage jiƙa, ka mayar da su jikinka da warin danshi. Ashana kuwa sai ka ƙyasta tsinke biyar kansu yana murmushewa kafin ɗaya ya kama.

A irin wannan lokaci kifi ne ke riƙe gida. Mukan tashi bayan sallar asuba, mu bi ruwa ta wajen Auyo zuwa tungar wani dattijon masunci da ake kira Baba Dogo, mu sayi bandar tarwaɗa da karfasa da kurungu, mu dawo mu sayar wa masu lodi zuwa Kano da kudu. Tafiyar awa uku ce in ruwa bai yi faɗa ba. Abin da muke kare jiki da shi shi ne abin kowa: buhun taki, a lotsa kusurwa ɗaya cikin ɗaya, a kifa a ka. Yana kare ƙeya da baya. Gaba kuwa sai Allah.

Bukar ɗan goggona ne, wato taubashina. Na girme shi da shekara biyu. Tun muna yara shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa bawana, kuma har yau ba a raba wannan gardama ba. Shi ya zo mini da labarin cewa Maman Ladi ta kwance sabuwar dila kuma akwai rigunan ruwa a ciki. Maman Ladi matar wani malamin makaranta ce daga kudancin Zariya, tana sayar da gwanjo a zauren gidansu. Mace ce mai faɗin gaskiyar kaya, abin da ya sa ban taɓa yarda da ita sosai ba, don a lokacin ina ganin duk ɗan kasuwar da ya faɗi gaskiya akwai abin da yake ɓoyewa.

Riga biyu ta fito da su, kuɗinsu ɗaya. Ta farko ruwan ɗorawa ce, ta roba, mai kauri, tana sheƙi, in ka ɗaga ta sai ka ji ka ɗauki kaya. Ta biyu launin toka, ta ɗan koɗe, marar nauyi, in ka dunƙule ta ba ta fi curin fura uku ba. Da na juya ta sai na ga zif a ƙarƙashin kowace hammata, ga kuma wata tsaga a baya da aka rufe da raga.

Na ce, "Maman Ladi, wannan ai an riga an huda ta."

Ta ce, "Malam Sule, hanyar iska ce. Babansu Ladi ya karanta rubutun jikinta. Ya ce tana hana ruwa shiga, amma tana barin gumi ya fita. Tsaya ka gani."

Ta shiga ciki ta fito da kofin ruwan zafi da ƙaramin madubi. Ta shimfiɗa bayan rigar a bakin kofin, ta kifa madubin a kai. Jim kaɗan ta ɗaga, madubin ya yi hazo. Sannan ta lotsa rigar ta zuba ruwa a ciki, ruwan ya tsaya yana yawo kamar a ganyen bado, ko ɗigo bai bi ba.

Na yi dariya. Na ce, "Ni ɗan kogi ne. Kwalekwale in yana da rami, yana da rami. Ƙofar da tururi ya bi ya fita, ta nan ruwa zai bi ya shigo, ko ba yau ba."

"To, kai ka san kogi, ni na san gwanjo."

Bukar ya ce, "Bar shi, Mama. Babba ne, shi zai fara zaɓa. Bawa dama da kaya mai nauyi aka san shi."

Na ɗauki ruwan ɗorawa. Har ina tausaya masa a hanya.

Washegari muka fita cikin yayyafi mai ɗumi, irin wanda iska ba ta kaɗawa. Ni ke riƙe da sanda. Rabin awa na farko na ji ni sarki, ruwa yana buga roba yana zamewa. Daga nan sai zafi ya fara taruwa. Ya taso daga ƙugu, ya hau baya, ya cika hammata. Rigata ta ciki ta manne. Ina ɗaga sanda gumi yana gangarowa ta hannun riga yana fita ta wuyan hannu. In na buɗe maɓalli ruwan sama ya shiga, in na rufe in dahu. Kafin mu isa tunga na zama ɗanwake a tukunya.

Da muka sauka na cire ta, sai ruwa ya zubo daga ciki shaa, har ya yi ɗan kwari a ƙasa. Bukar ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Ikon Allah. Kowa daga sama ake yi masa ruwa, bawana daga ciki ake yi masa. Baba Dogo, a kawo shinkafa a shuka a gindinsa!"

Masunta suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don taubashi ba a yi masa fushi. Amma idona yana kan ƙirjinsa. Ya zuge zif, rigarsa ta ciki a bushe, sai ɗan danshi a wuya. Baba Dogo yana tsugune a bakin murhun banda tun ɗazu yana fama da jiƙaƙƙiyar ashana, wuta ta mutu, kifin jiya yana neman lalacewa. Na sa hannu aljihu don in yi bajinta, na fito da kwalin ashanata ya zama fate-fate. Bukar ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da tasa. Ƙyas ɗaya ta kama. Ya bar wa tsohon kwalin gaba ɗaya, ya ƙara masa da goro biyu busassun baya.

Daga wannan rana aka sa masa suna Ofisa, wai rigar irin ta ma'aikatan gona ce. Kullum sai ya zo musu da ashana da gishiri da ƙullin taba a bushe. Matan tunga suka fara ba shi saƙo: allura, maganin zazzaɓi, wasiƙa zuwa gari. Kuma duk wanda ya san ciniki ya san abin da ke biyo bayan wannan. Kwandon da ya fi kyau, na manyan tarwaɗa da suka sha hayaƙi sosai, sai a tura shi bayan bukka a ce na Ofisa ne. Ribar tamu ce mu biyu, ban musa ba. Amma ni na fara kawo mu tungar nan. Ni na san Baba Dogo tun Bukar yana kiwon awakin goggo.

Sati biyu a haka bayana ya feso da ƙuraje, ƙanana jajaye, daga wuya har ƙugu. Uwani takan shafa mini farar ƙasa da yamma tana cewa, "Ka koma buhunka mana." Ba zan iya ba. In koma buhu Bukar yana cikin riga? Na ɗauki reza na tsaga wa tawa hammata don in kwaikwayi tasa. Roba ba ta san tsaga kaɗan ba. Ɗaga sanda uku, ta yage har ƙugu. Na kai wa mai faci ya manne da faci irin na tayar keke. Bukar ya gani ya ce in an hura ni zan yi tafiya.

Na koma wajen Maman Ladi ni kaɗai, na tambaya ko akwai irin ta tokar.

Ta ce, "Ai dila ba ta haihuwar irin wannan sau biyu. Shekara nawa ina kwancewa, ita kaɗai na gani." Ba ta ƙara da cewa ta gaya mini ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sai kogi ya fara cika da gaske. Aka yi shelar gayyar jinga, don ruwa yana neman ɓallowa cikin gonakin gero na gefen gari. Duk namiji mai lafiya ya fita. Wasu suna haƙa, wasu suna cika buhu, wasu suna jerawa, mai kalangu yana fake ƙarƙashin malafa yana kiran sunan duk wanda ya ɗauki buhu biyu. Mata suka kawo kunun kanwa a tulu, wanda kowane gida ya ba da tafin hatsi daga abin da ba shi da shi. Ruwa bai tsaya ba tun hantsi. Laka har gwiwa, ciki babu komai sai koko. Masu buhu a ka suka jiƙe suna rawar sanyi, suna zuwa suna fakewa. Ni ina cikin roba ina tafasa. Bukar kuwa ya buɗe zif ɗin hammata yana ta kai da komo kamar an ɗaura masa inji, mai kalangu ya kama sunansa ya ƙi saki. Wajen azahar na ga jingar tana juyawa. Na cire rigar don in sha iska, iskar ta bugi jiƙaƙƙen jikina, kafin la'asar haƙorana suna haɗuwa.

Kwana takwas na yi a kwance da zazzaɓi, ina sauraron tasoshin nan uku. Bukar ya riƙa zuwa tunga shi kaɗai. Kowace yamma sai ya yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa, ya ajiye mini rabona cif, har da 'yan kifin miya ga Uwani. Na bincika ta bayan fage wajen masu lodi, ko kwabo bai rage ba. Wallahi da ya cuce ni da na samu abin riƙewa. Sai ya zama ba ni da abin da zan tuhume shi da shi sai rigar, tana rataye a ƙusar zaurena tana ɗiga, shi kuma yana zaune a bushe yana tambayata jiki.

Na taya ta da rediyona. Ya ce rediyo ba ya hana jiƙa. Na ce in ƙara da agogo. Ya ce, "Bawa da agogo, ina za shi?"

Ranar da na koma tunga, jikina bai gama dawowa ba, da buhu a kaina don robar ta ƙare. Muna zaune a rumfar Baba Dogo ana fito da kwanduna. Akwai wani baƙon masunci da ya zo daga gabas a kwanakin da nake kwance, bai san ni ba. Ya gaishe da Bukar hannu biyu, sannan ya nuna ni da haɓa.

"Ofisa, yaron naka ne wannan? Ya zo ya kama mini kwandon nan."

Ba wanda ya yi dariya, sai Bukar. Shi a wajensa an ba shi tuwo da miya. Ya ce, "Shi ne. Rago ne, amma na saba da shi."

Magana ce irin wadda muka yi wa juna sau dubu. Amma ranar ta sauka a wani wuri dabam. Na ce, "Bukar, sayar mini da rigar nan."

"Kai dai ba ka gajiya. Me ya rage maka? Sai dai in rabin kwalekwalenka za ka bayar."

"Na bayar."

Ya ci gaba da dariya. Na ce, "Baba Dogo, ka shaida. Ku ma ku shaida. Ya sa kuɗi, na biya."

Kada wani ya ce hauka ce zalla. Na yi lissafi, a zaune a wurin, cikin ƙiftawar ido, kuma lissafin ya yi mini daɗi. Kwalekwalen ya tsufa, gindinsa ya sha faci. Shekara biyar ina ganin ruwan nan yana janyewa kafin a ci tumu. Sati uku suka rage, na ce, sannan ya koma yashi wajen kaji, baɗi kuma wa ya sani ko za a ga ruwan ma. Riga kuwa ko a tudu ana ruwan sama. Har na ji a raina cewa ni ne zan cuci Bukar. Abin da na gane daga baya shi ne, ƙyashi ya riga ya yanke hukunci, lissafi ya zo ne kawai ya sa hannu.

Bukar ya daina dariya. Ya ce, "Sule, wasa nake yi."

Rabon da ya kira ni da sunana tun rasuwar mahaifina.

Na ce, "Ni ba wasa nake ba. A kasuwa muke."

Baba Dogo ya cire goro daga baki. Ya ce, "Ɗana, taubasantaka daban, ciniki daban. Riga tsumma ce. Jirgi gona ne. Zan tambaye ka sau uku."

Ya tambaya sau uku, na amsa sau uku. Ya juya ga Bukar. Bukar ya zuge zif a hankali, ya kwashe ashana da saƙonnin mutane daga aljihu, ya miƙo mini ita. Ya ce, "Na sallama." Ya ɗauki buhuna ya kifa a kansa.

Zan faɗi gaskiya, don ba a ɓata kaya saboda an yi asara a kansa: rigar nan ta kai yadda ake faɗa. A hanyar dawowa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina jin sa yana buga kafaɗata, amma jikina a bushe, iska tana shiga ta hammata tana zagaya ƙurajen nan kamar ana yi mini fifita. Ban taɓa jin daɗin ruwan sama irin na ranar ba. Da muka zo inda muke canjin hannu, na miƙe na kama sanda kamar kullum. Bukar bai saki ba.

Ya ce, "Zauna. Ba a ba fasinja tuƙi."

A gida na shiga da ita a jikina, na tsaya tsakar gida cikin ruwa don Uwani ta gani. Na gaya mata yadda aka yi. Tana tankaɗen garin bado, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ta yi kyau. Kwando nawa take ɗauka?"

Kwana tara na yi da ita. Bukar ya ci gaba da ɗaukata, ya ware mini wurin kwando uku, ya ce ba zai karɓi kuɗin jirgi ba. Na ce sai ya karɓa. Ba wanda ya kira ni Ofisa. Na kai ashana a bushe, aka karɓa aka gode, kwandon bayan bukka kuma ya ci gaba da jiran Bukar da buhunsa.

Akwai abin da Bukar yake yi wanda nake gani sakaci ne. Kullum muka dawo sai ya ɗauraye rigar a kogi, ya rataye ta a inuwa inda iska ke bi. Ni na ce abin da aka saya da tsada ba a yawan wanke shi. Cikin kwana tara man kifi da laka suka toshe ta, ruwa ya daina zamewa a bayanta, ta fara jiƙa tana nauyi. A tunga kuwa kowa ya san inda ake shanya da marka: gefen ragar banda. Wando, riga, zane, duk a nan ake baza su, su bushe cikin rabin awa, su ɗauki ƙamshin hayaƙi. Haka iyayenmu suka yi. Na cire ta na shimfiɗa a wuri mai kyau, inda zafi ya fi, na tafi ciniki. Bukar yana bakin ruwa yana lodi, bai gani ba.

Da na dawo ta bushe ƙayau. Sai da na juya cikinta na ga aikin da na yi. Duk wani ɗinki na rigar akwai siririn ƙyalle da aka manna a kansa, wanda ban taɓa lura da shi ba. Duk sun ɗago sun nannaɗe kamar fatar tarwaɗa a wuta. Farin shafen da ke ciki ya yi bororo, ina taɓawa yana barewa a yatsana. Na yi maza na sa ta, na zuge har wuya.

Ba mu yi nisa ba hadari ya sauko. Na fara jin sanyi a kafaɗar dama, layi guda, daidai ɗinki. Sai hagu. Sai wuya. Kafin mu wuce mararrabar ruwa rigata ta ciki ta jiƙe sharkaf, ruwan yana fita ta ƙasa yana taruwa inda nake zaune. Bukar yana tsaye a bayana da sanda, yana ganin komai. Ina jira ya yi magana. Na ma shirya amsa. Har muka iso gari bai ce uffan ba. A rayuwata ba a taɓa zagina da abin da ya kai shirun nan ciwo ba.

Washegari da hantsi ya zo gida. Ya zauna inda ya saba.

Ya ce, "Ba ni tsumman, ka karɓi rabinka. Baba Dogo ya ce zai shaida an warware."

Uwani tana bayan ƙofa, ina jin ta daina daka.

Na ce, "Ciniki ya faɗa."

"Sule, don Allah. Goggo ta hana ni barci."

"Na sayi riga, na ƙona rigata. Ina ruwan jirginka?"

Mutane sun ɗauka girman kai ne, ko cika alkawari irin na 'yan kasuwa, har wasu suka yaba. Ba shi ba ne. Ina kallonsa a zaune, jiƙaƙƙe, da buhu a gwiwa, ya zo ya mayar mini da abin da ya mallaka da halas, sai na ji wannan ma ya fi ni. Rigar ta ƙone, amma abin da nake ƙyashi yana nan a jikinsa, kuma wannan ba a tayawa.

Ruwa bai janye a sati uku ba. Aka ci tumu yana nan. Aka yanke gero yana nan. Shinkafar fadama ta yi yadda tsofaffi suka ce rabonsu da gani tun suna samari, kuma a cikin kwalekwale aka yanke ta, a cikinsa aka kwaso ta. Duk mai jirgi a shekarar ya zama sarki. Bukar yana ɗaukar kifi da safe, dami da rana, mutane da yamma. Kafin ruwa ya sauka ya sa an sassaƙa masa na biyu. Ni kuwa na daina bin ruwa, don ba zan iya zaman fasinja ba. Na ɗaura buhu a keke na fara bin kasuwannin tudu, Kaugama da Malam Madori, ina sayen gero tiya-tiya ina kawowa gari. Daga nan hatsi ya zama sana'ata.

Shekara uku muna gaisawa da Bukar kamar surukai. Sai wata rana, ruwan farko na damina, aka kawo mini ƙunshi daga gidansa. Na kwance, buhun taki ne, sabo, an yanke masa wuya da hannuwa, an tsaga hammata biyu da kyau. Saƙon da ya biyo shi: a gaya wa bawana wannan tana numfashi. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Tun daga lokacin ba a yi daminar da bai aiko ba. Na bana yana nan rataye a shago.

Yanzu rigar ruwa ta zama kayan talla, kowane mai babur da tasa, hanyoyin da muke bi da sanda kuma rabinsu ciyawar kacalla ta cinye, sauran jiragen inji ke bi. Manomin nan na Auyo har ya sa hannu aljihu zai biya mai nauyin, na ce ya dakata. Na juya masa cikin ɗayar, na nuna masa ƙyallen da ke kan ɗinki, na sa ya ja ya ji ko ya kama. Na nuna masa hanyar iska a hammata da baya. Na ce in zaune zai yi a rumfa, ya ɗauki roba. In noma zai yi ko tuƙi, ya ɗauki wadda gumi zai fita, ya riƙa ɗauraye ta, kuma ko da wasa kada ta kusanci wuta. Ya ce, "Alhaji, ashe ka taɓa sayar da su?" Na ce a'a, saye na taɓa yi.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na bayar da rabin kwalekwale, na samu kwana tara a bushe. Tudu ya karɓe ni: shago biyu, mota biyu, na je Makka, na kai Uwani. Bukar yana da jirage huɗu, biyu masu inji, kuma in aka auna dukiya yau na fi shi, ya sani, na sani. A takarda ni na ci riba. Amma daga ranar da ya ce in zauna, ban sake riƙe sanda a jirgin da yake nawa ba, ban sake yin awa uku a kan ruwa da wanda zai zage ni in ji daɗi ba. Kuma har gobe in ya shigo kasuwar nan, tsoho da shi, da furfura, masu kifi sukan miƙe su ce Ofisa ya iso. Ni Alhaji ake ce mini, kamar kowa.